Gashinmu ba tauri gare shi ba, ƙishirwa yake ji

A Hausa laushi daban, miƙewa daban. Auduga tana da laushi, ba ta kuwa taɓa miƙewa ba; karan dawa a miƙe yake sambal, amma ba wanda ya taɓa yin matashin kai da shi. Duk yaron da ya kai aji uku a firamare ya san wannan bambanci. Sai ga shi idan zance ya zo kan gashin mace, manya masu takardun shaida, masu koyar da nahawu da kimiyya, sun tattara kalmomin nan biyu sun zuba a ƙwarya guda. Uwa ta ce tana so gashin ɗiyarta ya yi laushi, alhali abin da take nufi shi ne ya miƙe ya kwanta irin na ƴan matan finafinan Indiya. Mai kanti ya miƙo mata kwali mai hoton wata baƙar mace da gashi yana zuba har kafaɗa, ya ce ga mai sa laushi. A kan wannan rikicin kalma aka kafa kasuwa sukutum, kuma kawunan ɗiyanmu mata ne ke biyan harajinta, daga Tasawa har Mayahi, daga Maijirgi har Kanambakashe.

Abin da zan tsaya a kai a wannan fili shi ne: gashin Bahaushiya, da na Bafulatana, da na Buzuwa mai murɗaɗɗen gashi, ba shi da wata cuta da ake kira tauri. Gashi ne mai saurin bushewa da ke zaune a ƙasa mai busar da komai. Maganin bushewa kuwa iyayenmu mata sun san shi, yana nan a gonakinmu yana rarrafe a ƙarƙashin gero, mu ne ƴan lakkwal muka raina shi, muka koya wa yara raina shi, ga shi yau ana sayar mana da shi cikin leda da sunan wata ƙasa.

Bari mu fara da silin gashin kansa, tun da masu sayar da man miƙarwa ba su son a fara daga nan. Idan aka yanka silin gashin mutumin Sin aka duba bakinsa da madubin likita, za a gan shi kusan a kewaye kamar bakin rijiya. Namu kuwa a ɗan matse yake kamar ƙwayar wake, yana fitowa daga rami mai lanƙwasa, yana tafe yana murɗewa. Abubuwa biyu ne ke biyo bayan wannan halitta. Fatar kai tana fitar da maiƙonta na ainihi, wanda aikinsa shi ne ya gangara ya lulluɓe silin. A miƙaƙƙen gashi hanya a buɗe take, a namu kuwa kowace lanƙwasa shinge ce, sai maiƙon ya tsaya a gindi, ƙarshen gashin ya zauna ba kariya. Sannan kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni, inda silin zai iya tsinkewa idan aka ja shi a bushe. Shi ya sa za ki ji mace tana cewa gashinta ba ya tsiro, shekara biyar tsawonsa ɗaya. Yana tsiro sarai, kusan santimita ɗaya a wata ko ƙasa da haka kaɗan. Abin da ya tsiro a gindi ne mataji ke karyewa a sama.

Sai mu ɗora wannan gashi a ƙasar da muke. Gundumomin Tasawa da Mayahi ruwan da suke samu a shekara yana tsakanin milimita 300 zuwa 500, cikin wata uku ko huɗu. Daga Nuwamba hunturu ya shigo, laimar da ke cikin iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, ƙwarya ta fashe a rumbu. Bayansa ga bazara da zafin da ke haura digiri 40. Ba wanda ke zagin diddigensa don ya yi faso a watan Janairu. Kowa ya san ruwa da mai yake nema. Gashi kaɗai ne idan ya bushe ake ɗora wa laifin halitta, a ce mugun gashi ne, gashin ƙauye ne, ba ya jin magana. Idan aka ƙara da ɗankwalin auduga da ke tsotse ɗan maiƙon da ya rage dare da rana, da garin sabulun wankin tufafi da wasu ke wanke kai da shi don ya fi arha, to abin mamaki shi ne yadda gashi ke saura a kan wasu.

Me ke cikin kwalin nan da Faransanci ke kira défrisant? Sinadarin da ya fi tsufa a cikinsa shi ne soda mai ƙuna, irin wadda ake dafa sabulu da ita, ake kuma buɗe bututun da ya toshe. A ma'aunin tsami da kanwa, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14, gashi da fatar kai suna zaune wajen 5. Man miƙarwa yana tsakanin 12 da 14. Wanda aka rubuta wa "ba soda" a jikin kwali, har da mai hoton ƙananan yara suna murmushi, wani ɗan'uwan sodar ne aka sa a madadinta, ƙarfinsa bai yi nisa da nata ba, kuma ya fi ta barin gashi a bushe. Aikin da suke yi ɗaya ne. Silin gashi yana tsaye ne a kan wasu ƙulle-ƙulle na sinadarin farar wuta da ke ɗaure zarensa. Man yana shiga ya tsinke su, abin da ya tsinke kuwa ba ya komawa yadda yake. Gashin da ya kwanta bayan an wanke bai yi laushi ba, ƙarfinsa ne aka karya. Kamar a ce jaki ya yi ladabi don an karya masa ƙafa. Bayan mako shida ko takwas sabon gashi ya fito da murɗinsa na gado, mahaɗarsa da tsohon ta zama wurin tsinkewa, dole a koma kanti. Wanda ya ƙirƙiro wannan ciniki ya san abin da yake yi. A Amurka aka fara shi a farkon ƙarni na 20, cikin jikokin bayi waɗanda neman aiki da neman mutunci a idon farar fata suka tilasta wa sauya kamanninsu. Su suna da uzurin da tarihi ya ɗora musu. Yarinyar Korgom da ke rufe kanta da hijabi daga safe har dare, wane Bature ne zai hana ta aiki don gashinta ya murɗe?

Akwai kuma abin da ya wuce gashi. A watan Oktoban 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 na tsawon kusan shekara 11. Suka ƙiyasta cewa cikin matan da ba su taɓa amfani da man miƙar da gashi ba, kashi 1.64 cikin 100 ne za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70; cikin masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara kuwa, kashi 4.05. Binciken alaƙa ya nuna, bai kama sinadari ɗaya ya ce shi ne mai laifi ba, cutar kuma ba mai yawa ba ce. Amma ninki biyu da ɗoriya ba abin wasa ba ne, musamman idan aka tuna cewa wannan mai yana ƙona fatar kai, fatar da ta ƙone kuwa ƙofa ce a buɗe zuwa cikin jini. Can suna da asibitocin da za su gano cutar da wuri. Mace a ƙauyen Isawan ko Urafan, kilomita nawa za ta yi kafin ta ga likitan mata? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban san inda karin maganar nan ta fi dacewa kamar a nan ba, don ruwan ne ma ainihin zancen.

Ruwa shi ne ke sa gashi laushi. Mai ba ya shayar da gashi. Aikinsa shi ne ya sa santsi, ya kuma jinkirta fitar ruwan da ya riga ya shiga. Wannan ita ce ƙa'idar da aka juya a gidajenmu na yau. Ana ɗebo basilin a lafta a kan busasshen gashi, ya yi ƙyalli na yini ɗaya, ƙurar hunturu ta zo ta manne, a wayi gari kai ya zama kamar tabarmar da aka bari a waje. Sai a nemi sabulu mai ƙarfi don a fitar da maiƙon, sabulun ya kwashe har da na halitta, a sake laftawa. Basilin ba guba ba ne, yana toshe hanyar ruwa sosai. Amma rufe tulun da ba komai a ciki ba ya kashe ƙishirwa.

Tsofaffinmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma dubi tsarin aikinsu. Ranar wankin kai ba a fara da mataji. Ana tsefe kitso da yatsu da tsinke, a hankali, daga ƙarshe zuwa gindi. Sai a jiƙa ganyen yoɗo, wanda mutanen Kano ke kira karkashi, cikin ruwa mai ɗumi har ya saki yauƙinsa, a tace. Wannan yauƙin shi ne sirrin duka. Yana lulluɓe kowane sili ya sa shi zamewa a kan ɗan'uwansa, ƙulle-ƙullen da ke cin gashi su warware ba tare da ja ba, yana ɗauke datti ba tare da ya kwashe maiƙon halitta ba, kuma yana riƙe ruwa. A cikinsa ake taje kai, yana jiƙe, don murɗaɗɗen gashi ya fi jure mataji a jiƙe fiye da a bushe, abin da masu binciken kayan shafa suka auna suka tabbatar. Wasu suna ƙarawa da dakakken ganyen magarya, wanda ke yin ɗan kumfa. Bayan an ɗauraye, tun gashin yana da laima, kafin iska ta shanye, sai a bi shi da man shanu ko man gyaɗa kashi-kashi, a kitse. Kitson nan da muke ɗauka ado ne kawai, shi ne murfin tulu: yana tattara silin wuri ɗaya, yana ɓoye ƙarshensa daga iska da gogayyar ɗankwali. Ruwa, yauƙi, mai, kitso, a jere haka. Ku duba abin da ƴan matan Paris da na Atlanta masu kiran kansu ƴan gashin halitta ke koya wa juna a wayar hannu yau, da sunaye na haruffa da kwalabe biyar-biyar, za ku tarar jerin kakarku ne.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne wannan. A ƴan shekarun nan wani ganye ya yi suna a kantunan intanet na Turai da Amurka, ana kiransa ambunu, ana cewa asirin matan Cadi ne, ana auna shi da giram kamar zinariya. Masana tsirrai suna kiransa Ceratotheca sesamoides, ɗan gidan su riɗi, mai rarrafe a jigawa, mai fure ruwan hoda. Yoɗo ne. Shi ne wanda ke fitowa da kansa a gonakin Sarkin Hausa da Baudeta, wanda ake tulawa a kasuwa a sayar da ƴan daloli don miya. Na ga malamai mata ƴan'uwana, masu albashin da ba ya kai ƙarshen wata, suna haɗa kuɗi a kawo musu shi daga Yamai ko Kano cikin leda mai rubutun Turanci, alhali a bayan katangar makarantar da suke koyarwa awaki na kiwonsa. Ban ga laifin matan Cadi ba. Sun riƙe nasu, duniya ta zo ta same su a kai. Haka garin shebe na matan Larabawan Cadi, wanda ya bazu a duniya tun wajen 2017 ta hanyar bidiyo. Masu tallarsa suna cewa yana tsirar da gashi. Ba ya tsirar da komai. Abin da matan nan suke yi shi ne su jiƙa gashi, su shafa mai, su barbaɗa garin, su kitse, su daɗe ba su taɓa shi ba. Gashin bai karye ba, sai tsawonsa ya bayyana. Haƙurin ne ke aiki, shi kuwa ba ya shiga leda.

Mai ma ba mu rasa ba. Jihar Maraɗi ita ce cibiyar gyaɗa ta ƙasar nan tun kafin a kafa SONARA a 1962, har yau kuma babu unguwar da ba a jin ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli. Riɗin da ake nomawa a kudancin jihar, kusan rabin nauyin ƙwayarsa mai ne. Ga aduwa, wadda ba ta tsoron fari, tana tsaye a fadamar Gulbin Kaba tare da goriba, ta kuma ƙaru a gonaki tun da manoma suka rungumi sassaben zamani a shekarun 1980, suka daina tumɓuke kututture. Yara su tsotse ɗanta su jefar da ƙwallon, a cikin ƙwallon nan kuwa akwai ƙwayar da kashi 40 cikin 100 ko fiye na nauyinta mai ne, mai sauƙi, marar nauyin wari, wanda Misirawan zamanin Fir'auna suke haɗa turare da shi. A Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods yana matse shi yana sayarwa. Man kaɗanya, wanda ya fi su kauri, daga kudu yake zuwa mana, ya kuma dace da tsakiyar hunturu. Ko wanne aka samu, ɗan kaɗan ya isa, a tafin hannu, a kan gashi mai laima.

To yaya aka yi wannan ilimi ya fita daga hannun ƴan mata cikin tsara ɗaya ko biyu? Za a ce talabijin, za a ce finafinai, za a ce wayar hannu. Duk suna da kaso. Amma kafin su iso, akwai aji. Duk wadda ta yi makaranta a shekarun 1980 da 1990 ta san abin da ke faruwa ranar da yarinyar ƙauye ta shigo da sabon kitso da man shanu a kanta. Mushe ya toshe hanci, ya ce wa ke ƙarni a nan, aji ya fashe da dariya, a mayar da ita layin baya kusa da taga. Darasin da ta ɗauka ranar ya fi na conjugaison zama a kanta: abin da uwarta ta yi mata da ƙauna abin kunya ne. Yarinyar nan ita ce uwa a yau, ita ce ke tsaye gaban kanti da ɗiyarta mai shekara bakwai ana jajibirin Salla. Har gobe kuma ana jin irin wannan magana a ɗakin malamai, cikin raha, daga bakin mutanen da za su shiga aji su koyar da Aimé Césaire da Léopold Sédar Senghor, su bayyana wa yara abin da Frantz Fanon yake nufi da littafinsa na 1952, Peau noire, masques blancs. Alfahari da baƙar fata a kan allo abu ne mai sauƙi.

Kada wani ya ce ina kiran a koma jiya da duk abin da ke cikinta. Ƙarnin nan gaskiya ne: ɗanyen man shanu idan ya kwana biyu a kai cikin zafin bazara yana lalacewa, kitson doka da ake cika shi da mai da shuni a bar shi wata da watanni ba a wanke ba ya tara abin da ba a faɗa. Amma maganin wannan sananne ne tun da, a soya man, a jefa kanumfari ko kajiji, a rage yawa, a wanke kai duk mako ɗaya ko biyu. Lafta mai a kan fatar kai ma kuskure ne, ko na gargajiya ko na kanti, don ƙwayar da ke haddasa amosani da maiƙo take rayuwa. Gashi ake shafa wa, fata a bar ta ta sha iska. Mataji ɗaya da ke yawo a kan yara goma shi ke raba musu makero da ƙeya. Wanda ya rufe ido ga waɗannan da sunan kare al'ada, kitso da ƙwarƙwata yake yi.

Babban laifin da ke wuyanmu kuwa shi ne ɗaurin kitso. An mayar da zafi ma'aunin gwaninta: makitsiyar da ba ta sa yarinya kuka ba, wai hannunta bai kama ba. Yarinya ta kwana biyu ba ta iya sunkuyawa, girarta a ɗage, ƙuraje sun feso a goshi, a ce ta yi haƙuri, ado sai da wahala. Kowane ƙurji a nan tushen gashi ne ke kururuwa, idan kuma aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru tushen ya mutu, goshi ya yi ta ja da baya, babu man da zai dawo da shi. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun ƙirga wannan a wata unguwar birnin Kef na Afirka ta Kudu a 2007: kashi 17 cikin 100 na ƴan mata ƴan makaranta, da kusan kashi 32 na manyan mata, suna da wannan sanƙon na ja. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu ɗora matsattsen kitso ko ƙarin gashin roba a kan gashin da aka riga aka miƙar da sinadari. Wato dai gaurayen da ya zama kwalliyar amare a garuruwanmu yau: a karya shi da soda ran Laraba, a rataya masa nauyin mesh ran Alhamis. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Na san amsoshin da za a ba ni, na sha jin su. Wata za ta ce ba ta da lokaci, ga aiki ga yara. Amma wadda ke zama awa biyar a gaban mai ƙarin gashi ba lokaci ta rasa ba. Jiƙa yoɗo ba ya hana tuƙa tuwo, kuma tsakanin wanki da wanki abin da ake bukata bai wuce a yayyafa wa kitso ruwa da hannu duk bayan kwana biyu ko uku, a bi da ɗigon mai, a kwana da ɗankwali mai santsi a ƙarƙashin na auduga ba. Amsar da ta fi nauyi ita ce ta ruwa, don a arewacin Mayahi rijiya tana da zurfi, kowane tulu da gumin mace aka ɗebo shi. Na yarda. Sai dai a auna: ƙwarya ɗaya ta yauƙi da ɗaya ta ɗauraya sun isa kai, man miƙarwa kuwa sai an zubar da bokiti kafin a tabbata ya fita, in bai fita ba ya ci gaba da cin fata. Wata kuma za ta ce kanta ne, tana da ikon yin abin da ta ga dama da shi. Haka ne, babbar mace da ta san abin da ke cikin kwali ta zaɓa, ba ni da ta cewa, ba kuma zan yarda a mayar da gashi sabon ma'aunin tarbiyya da za a riƙa dukan mata da shi ba. Sandunan da ke kanmu sun isa. Amma yarinya mai shekara bakwai ba ta zaɓi komai ba. Mazan da ke ba da kuɗin kwalin, suna yaba wadda gashinta ya kwanta, suna yi wa ɗayar kallon ba ta waye ba, su ma kada su labe a bayan cewa wannan zancen mata ne. Malamanmu na addini sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito mai umurtar wanda yake da gashi ya girmama shi. Ban ga yadda ƙona shi da soda zai shiga cikin girmamawa ba.

Duniyar da muke kwaikwayo ma ta juya. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019 mai hana a wulaƙanta mutum a makaranta ko wurin aiki saboda yanayin gashinsa, jihohi da dama suka bi. A watan Maris na 2024 majalisar wakilan Faransa ta amince da irin wannan ƙuduri, wanda Olivier Serva, ɗan majalisa daga tsibirin Gwadalup, ya gabatar. Su sai da doka suke ƙwato abin da mu ba wanda ya hana mu.

Saura ku, ƙungiyoyin raya al'adu, da mu malamai. Kowace ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, da kowane makon al'adu na ƙarshen shekara, ana jera ƴan mata a dandalin gidan matasa, an yi musu doka da shuku da zane, an rataya musu murjani, a buga kalangu, a ɗauki hoto, a ba da kyautar atamfa. Da yawansu da gashin roba aka tayar da dokar, don nasu ya riga ya gutsure. Washegari a tsefe a koma kanti. Wannan baje koli ne na gawar al'ada. Kitso siffa ce ta waje. Ilimin yana cikin abin da ake yi kafin kitso, shi kuwa ba mai ɗaukar hotonsa. J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ɗaukar hotunan kitson matan ƙasarsa a 1968, ya tara kusan dubu, har manyan gidajen tarihi na duniya suka nemi aikinsa. Mu a nan wa ya zauna gaban tsohuwar makitsiya a Hawandawaki ko Gidan Amumun da na'urar ɗaukar murya, ya tambaye ta yaushe ake tsinkar yoɗo, wane mai ya dace da amarya, wane ya dace da mai jego, me ake kiran kitson da ake yi wa yarinyar da aka yaye? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Muna ta taro muna ƙirƙiro wa kwamfuta da majalisa kalmomi, kalmomin da muke da su kuwa, na tsifa da taza da yauƙi da kowane zanen kitso, suna bin tsofaffi zuwa kushewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba sai an jira minista ba. Malamin kimiyyar rayuwa da ƙasa yana da darasi a kan fata. Malamin kimiyyar sinadarai yana da darasi a kan tsami da kanwa, yana kuma neman misali. Ga misali nan: ya sa silin gashi cikin cokali ɗaya na man miƙarwa, wani cikin ruwan yoɗo, ya bar su minti ashirin, ya ba yara su ja su gani, mazansu da matansu. Malamar tattalin gida ta sa a soya man shanu da kanumfari a harabar makaranta, a fasa ƙwallon aduwa a matse. Malamin Hausa ya tura kowane ɗalibi wurin kakarsa ya dawo da kalmomi goma da bayaninsu, a tattara a buga a wannan mujalla, shafi ɗaya Hausa, ɗaya Faransanci. Ƙungiyar da ke ba da kyautar atamfa ta sauya sharaɗi: a duba goshin yarinya kafin a duba zanen kitsonta, makitsiyar da ta bar ƙurji ta faɗi.

Aikin kuma yana da kalandarsa. Yoɗo yana cika ganye a ƙarshen damina, cikin Satumba da farkon Oktoba, daidai lokacin da ake komawa makaranta. A lokacin ake tsinkarsa, a shanya a inuwa don rana tana rage masa yauƙi, a zuba a tulu ko gwangwani mai murfi. Tiya ɗaya ta busasshen ganye za ta fitar da mace da ɗiyanta biyu daga hunturu. Aduwa kuwa tana zubar da ƴaƴanta cikin sanyi, ƙwallayenta suna nan zube a ƙarƙashin kowace bishiya a bakin hanyar Tasawa zuwa Mayahi.